Farar Fitila a Kan Teburin Baffa Sanda

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona a Yelwa sun yanke hukunci cewa aikin lantarki ba sana'a ba ce. Wai ka sayi ƙwai, ka taka kujera, ka murɗa, haske ya zo, shi ke nan. Ɗayansu ya ce kakarsa ma tana yi. Ban yi masa musu ba, don na san kakar tasa, kuma tana yi ɗin. Sun ce in ba su labarin yadda na fara. Bakina ba ya tafiya daidai idan an zuba mini ido, shi ya sa na ga gara in rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, inda na karkace a yi mini uzuri. Sunana Bakari.

Aikin farko da na bi Maigida Abbo, wanda ya koya mini sana'ar, gidan wani dillalin shanu ne. Lokacin bazara ne, irin zafin Garwa da ko ƙarfen tsani ba ya taɓuwa da rana. Mai gidan yana kukan takardar wuta ta yi masa nauyi, yana zargin kontar, wato na'urar da ke ƙirga wutar da gida ya sha. Maigida Abbo bai ko kalli kontar ba. Ya shiga falo, ya ɗaga kai, ya ga jan ƙwai mai wat ɗari yana ci da tsakar rana. Ya ce mini, "Bakari, hau kujerar nan ka kai tafin hannunka kusa da shi. Kada ka taɓa."

Na kai, na janye da sauri.

"Me ka ji?"

"Zafi, Maigida."

"Alhaji don zafi ya saye shi?"

"A'a, don haske."

"To zafin nan ma shi ke biya. Ka ga mutum a Garwa yana sayen zafi da kuɗinsa."

Dillalin ya yi dariya har hularsa ta zame. Muka cire jajayen ƙwayaye, muka sa masa doguwar farar fitilar nan ta kwalba da muke ce wa neyon. A hanyar komawa Maigida ya yi mini bayani yana tuƙa babur, ni ina bayansa rungume da tsani. A cikin jan ƙwai akwai siririn zare na ƙarfe. Wuta na bi ta cikinsa har ya yi jawur don zafi, hasken da ake gani ɗan abin da ya tsira ne kawai, sauran duk zafi ya zama. Neyon ba ta gasa komai. Wata iska ce a cikin kwalbar, da farar hoda a jikinta, wuta kaɗan ta ishe su su haska. Neyon mai wat arba'in ta fi jan ƙwai mai ɗari haske, kuma ta fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Ka iya dafa ta da hannu tana ci.

Wannan bayanin gaskiya ne a ranar, gaskiya ne kuma har yau. Ina so ku riƙe wannan, domin abin da zai biyo baya bai ƙaryata shi ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Turnabis, abin murɗa sukuru, mai ɗan haske a gindi, wanda ke gaya maka ko waya na da rai. Pens, wato filaya, mai hannun roba. Baƙin sikoc na naɗe waya. Tsani. Wuƙa ƙarama ta fere waya, wadda dole ka koyi riƙe ta yadda za ta yanki roba ba tare da ta ji wa tagulla ciwo ba, don wayar da aka yi wa rauni a nan za ta yi zafi wata rana a cikin silin mutane. Na daɗe ina fere waya kawai kafin a bar ni in haɗa biyu. Ni kuma Allah ya yi ni mai yawan tunani. In na gama aiki na tafi, sai in kai rabin hanya in juyo, in ce na manta pens, alhali so nake in sake dafa bango in ji ko ya yi ɗumi. Maigida Abbo yakan ce da ni za a iya aminta da gida, amma ba za a iya tafiya da ni ba.

Neyon ma tana da nata hali, ban ɓoye wa kowa ba. Ba ta tashi ita kaɗai, sai da ɗan ƙaramin abin nan sitata, da balas mai nauyi da ke cikin gidanta. Idan wuta ta yi rauni, kamar shekarun da ruwa ya ja baya a madatsar da ke ba mu wuta, sai ta tsaya tana ƙifta ido tana ƙara kamar sauro, ta ƙi kamawa, alhali jan ƙwai zai ba ka ɗan ja-ja ko yaya. Duk da haka, da na fita daga hannun Maigida na fara cin gashin kaina, na zama mai wa'azin neyon. In na shiga shago na ga jan ƙwai sai in ji kamar na ga famfo a buɗe ruwa na zuba. Almubazzaranci nake ganinsa, kuma ina ganin in na yi shiru ina da alhaki. Teloli sun ji daɗina. Masu kantin magani sun ji daɗina. Wani mai gyaran agogo har shayi yake saya mini.

Aikin rumfar mahauta ya zo ne a shekarata ta farko ni kaɗai. A ƙaramar kasuwar da ke bayan unguwarmu akwai doguwar rumfa ta kwano, rufinta gajere, an tayar da bango ta gefe biyu saboda ƙura da karnuka, ƙofa ɗaya ce a bakin. Ko da rana tsaka ciki duhu ne. Kowane mahauci yana da jan ƙwai rataye a saman teburinsa, daga safe har la'asar, dukansu a kan kontar ɗaya. Duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki a kan wane ne ƙwansa ya fi girma.

Tebur na ƙarshe, can ƙurya inda duhun ya fi yawa, na Baffa Sanda ne. Ba ƙanin mahaifina ba ne na jini. Tare suka yi karatun allo da mahaifina, Malam Umaru, kuma tun da mahaifina ya rasu bai taɓa barin Sallah ta wuce ba tare da ya aiko wa innata nama ba. Shi ne mafi tsufa a rumfar, mutum mai ƙarancin magana, mai farin gemu, ba ya rantsuwa a ciniki. A nan in faɗi wani abu game da mahauta wanda zai yi amfani a gaba. Sa ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin mahauci, wajen saye da kuma wajen sayarwa kafin yamma, tunda babu firji. Saboda haka sukan haɗu su uku ko huɗu su sayi sa a kara, a yanka a mayanka, likitan dabbobi ya buga tambarinsa, su raba. Wanda ba shi da abokan haɗi ba shi da naman sa, ko da aljihunsa cike yake.

Na yi ta yi wa mahautan wa'azina, suna yi mini dariya. Wanda ya fi kowa baki a cikinsu Isiyaku ne, mai teburin farko a bakin ƙofa. Ya ce, "Injiniya, mu shanu muke yankawa, ba allura muke zura wa zare ba." Rannan Baffa Sanda ya kira ni ya ce, "Ɗan Umaru, zo ka sa mini taka ɗin. Idan sun ga tawa sai su bi." Na san ba don ya damu da takardar wuta ya faɗa ba. Ya ga ina neman tsayawa da ƙafata ne.

Na yi aikin nan da kyau, wannan ko maƙiyina bai musa ba. Na sayi sabuwar waya, ban yi amfani da tsohuwar ba. Na kafa katako a jikin ƙarfen rufi don kada zafin kwano ya dafa balas. Na sa fitilar can sama inda gatari ba zai kai ta ba, na sa mata ragar waya don kada ta fashe a kan abinci. Na sayi neyon irin wadda ke cike kasuwa, mai farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi. Da sassafe na je, kafin a kawo nama daga mayanka, don kada in tsaya wa mutane a kan ciniki. Na kunna. Ƙuryar nan da ba a taɓa ganin bangonta ba ta haska tas, har tsagar katakon tebur ana ƙirgawa. Baffa ya cire hula ya shafa kansa ya ce, "Yau ƙeyata za ta huta da gashin jan ƙwai." Na kashe, na kunna, na sake kashewa, na dafa waya, na dafa balas. Komai lafiya. Na gwada ta a kan tebur wanda babu komai a kansa. A ranar da hantsi na hau mota zuwa Figil, inda na samu aikin sa waya a wasu sababbin gidaje na ma'aikatan siminti, kuma aikin ya riƙe ni makonni.

Da na dawo, kafin in je gida sai da na biya rumfar, don tunanin balas ɗin nan bai bar ni ba duk zamana a Figil. Rana ta take. Na tsaya a bakin ƙofa na leƙa. Jerin tebura ne, kowanne da jan ƙwansa, nama a ƙarƙashi jawur yana sheƙi, kitsensa kamar man shanu. Can ƙurya kuma farar fitilata, haskenta ya fi na kowa, a ƙarƙashinta nama launin toka-toka, jansa ya koma baƙi-baƙi, kitsen yana ɗaukar kore. Da ni mai saye ne da ba zan ƙarasa wurin ba. Mata cike a gaban kowane tebur. Gaban na Baffa babu kowa sai ƙuda.

Isiyaku ya hango ni. Ya ce, "Ga Injiniya ya dawo. Shigo ka ga gawar da ka haska mana."

Na wuce su duka ina kallon ƙasa. Na durƙusa na gaida Baffa. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi hanya, ya tambayi Figil. Na ce, "Baffa, tun yaushe?"

"Tun ranar da ka tafi."

"Ka san fitilar ce?"

"Na ga naman a mayanka da idona, jawur. Daga mayanka zuwa nan nama ba ya tsufa."

"Ka gaya musu?"

"Na gaya musu. Wa ke yarda da mahauci a kan namansa?"

Wani maƙwabcin teburinsa ne ya ba ni sauran labarin, ƙasa-ƙasa. Hajja Fanta, mai dafa abincin sayarwa a tashar mota, wadda ta yi shekaru ba ta sayen nama sai wurin Baffa, ita ta fara tsayawa ta ce wannan naman bai yi mata ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma a gaban mutane ta faɗa. Bayan kwana kaɗan jikan wata ya yi gudawa, aka ce naman ƙurya ya ci. Daga nan magana ta girma: wai tsohon yana sayen shanu marasa lafiya da arha, wai wasu ma sun mutu kafin wuƙa ta kai wuyansu. Ya nuna tambarin likita a jikin cinya, aka ce tambari ai abin bugawa ne. Abokan haɗinsa sun san sa ɗaya suka raba da shi, amma masu sayen da suka gudu daga teburinsa nasu teburan suka dawo, sai kowa ya ga ba dole ba ne ya yi magana. Ku da ba ku taso cikin mahauta ba, ku sani babu abin da ya kai wannan muni. A ce Musulmi mai farin gemu yana ciyar da mutane mushe, ba cinikinsa kaɗai aka taɓa ba. Har sahun masallaci sai ya ji ana matsawa daga gefensa.

Na ce, "Baffa, me ya sa ba ka cire ba? Ƙwai ɗaya ne, kowa zai iya rataya maka."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Ya ce, "Ba ka nan. In na sa wani ya sauke aikinka a bayan idonka, me kasuwa za ta ce? Ta ce ɗan Umaru bai iya ba, har Baffansa sai da ya kira wani. Kai da ka fara samun gidaje."

Na miƙe na ce zan ɗauko tsani yanzu-yanzu. Ya ɗaga mini hannu. "Yanzu kuma ba ta cirewa. In ka sauke ta yau, gobe su ce farar ta tona ni, na koma na ɓuya a ƙarƙashin jan."

Hanya ɗaya ta rage. Na je wurin sarkin pawa, shugaban mahautan kasuwar, na roƙe shi ya tara mutane. Washegari da hantsi, lokacin da rumfa ta cika, ya zo ya tsaya a tsakiya da sandarsa, aka aika aka kira Hajja Fanta daga tasha. Ta zo da zanin aikinta, hannunta na warin albasa, tana cewa tukunyarta na kan wuta. Sarki ya dube ni ya ce, "Bakari, abin da za a tambaye ka, ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah." Na ce to, ranka ya daɗe.

Na roƙi Hajja ta juya baya. Sarki da kansa ya yanki tsoka ɗaya daga cinyar da ke teburin Baffa, ya raba ta biyu, ya ajiye rabi a teburin Isiyaku, rabi a inda take. Aka ce ta juyo ta zaɓa. Ta dubi na ƙurya ta taɓe baki. Ta zo teburin Isiyaku ta ɗaga ɗayan ta ce, "Wannan shi ne nama. Wancan ko kare na ba sai ya yi tunani."

Rumfa ta ɗauki dariya. Aka gaya mata tsoka ɗaya ce aka raba biyu. Ba ta yarda ba sai da ta ɗauki yankan biyu ta haɗa bakinsu suka zauna daidai, sannan ta ɗauki na Isiyaku da hannunta ta taka da shi zuwa ƙurya tana kallonsa yana dusashewa. Ta juya wajen Baffa ta ɗan rusuna ta ce, "Malam Sanda, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini." Ya ce babu komai, Hajja. Isiyaku ya ce ai tun farko shi ya san aikin Injiniya ne, a ba shi sarautar makantar da nama. Aka sake dariya, ni ake wa, kuma na ji daɗin hakan. Da a nan aka tsaya da an tashi lafiya.

Amma Hajja Fanta mace ce mai lissafi. Tana goge hannu a zani sai ta dube ni ta ce, "To kai mai fitila, tsakanin biyun nan wacce ce ke nuna gaskiyar naman?"

Na san abin da mai hankali zai ce. Zai ce, Hajja, ni waya na sani, nama na masu nama ne. Amma Sarki ya riga ya haɗa ni da Allah a gaban jama'a, kuma na san amsar. Na ce, "Babu ɗaya, Hajja. Farar tana rage masa ja. Jan ƙwai kuma ƙara masa yake yi."

"Ƙara masa?"

"E."

"Ko da na jiya ne?"

"Ko na jiya ne zai fi kyau a ƙarƙashinsa." Nan ma da na tsaya da an samu abin gyarawa. Sai na ji kamar in na bar sauran na yi rabin gaskiya, na ƙara da cewa, "Kuma zafin ƙwan yana sauka a kan naman tun safe, yana sa shi saurin juyawa."

Babu wanda ya yi dariya. Isiyaku ya ajiye wuƙarsa a hankali ya ce, "Wa ya tambaye ka wannan?"

Ban ce wani yana sayar da na jiya ba. Ban ma san ko akwai mai yi ba. Mahautan nan ba don yaudara suka rataya jan ƙwai ba, shi suka tarar, shi ne mai arha a kanti. Amma mata sun ji abin da suka ji. Tun daga ranar duk wadda ta zo sai ta ɗauki naman ta fita da shi bakin ƙofa ta duba a rana, ta juya shi, ta shinshina, wata ta dawo da shi ta ajiye ta wuce. Isiyaku, da yake teburinsa ne a bakin ƙofa, a gabansa ake yin wannan duka. Yakan ce, "Nama ya zama atamfa, sai an kai rana an ga ko zai zuba." Yana faɗa yana dariya, amma idonsa ba ya dariya.

Sunan Baffa ya wanku a wurin masu saye. Hajja Fanta ta dawo, ta jawo wasu. A wurin 'yan uwansa mahauta kuwa shi ne wanda ya shigo da farar fitila, shi ne wanda ɗan abokinsa ya tsaya a tsakiyar rumfa ya zubar musu da mutunci don a wanke mutum ɗaya. Ba wanda ya zage shi, tsufansa ya fi ƙarfin haka. Sai dai in ya je kara da safe a ce masa, "Baffa, yau mun cika." Gobe a ce, "Ai an riga an raba tun jiya." Ya koma yanka akuya shi kaɗai. Masu dafa abincin sayarwa naman sa suke so, da yawa kuma. Suka zo, suka gaishe shi da girmamawa, suka sayi abin da bai kai ya kawo ba, suka wuce teburan gaba. Na je wurin Isiyaku har gida na ba shi haƙuri. Ya ba ni ruwa, ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, sa ne dai ba ya rabuwa fiye da ƙafafunsa.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Mahauta suna da dangi a kowace unguwa, kuma kowa na cin nama. Aka sa mini suna Likitan Nama. Gidajen da suka yi mini alkawarin aiki suka yi shiru. Ba a ce ban iya waya ba, cewa aka yi yaron nan in ya shiga gidanka sai ya faɗi abin da ya gani. Na tattara kayana na tafi Yagwa, na yi damina da kaka ina gyaran wayoyin injinan casar shinkafa.

A can na shiga gidan wata mata 'yar ƙabilar Masa don gyaran soket, na ga jan ƙwai yana ci da rana a wani ɗan ɗaki, rataye ƙasa-ƙasa. Bakina ya buɗe zai fara wa'azin da ya saba. Na rufe shi, na tambaye ta me yake yi a nan. Ta ɗaga buhun da ta rufe wani kwali da shi, sai ga 'yan tsaki sun taru a ƙarƙashin ƙwan. Ita zafin take saye, hasken ne kyauta. A Yagwa ne kuma wani mai kantin kayan wuta ya nuna mini cewa farin neyon ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai shuɗi-shuɗi, akwai mai ɗumi-ɗumi da ke kusa da hasken jan ƙwai, har akwai wadda aka yi musamman don nama, ana sa ta a manyan kantunan kudu. An rubuta a bakin kwalbar da ƙananan lambobi. Na sha riƙe kwalaben nan a hannuna, wat kawai nake karantawa.

To ku samari, yanzu an wuce neyon ma. An yi ƙwan ekonomi mai murɗe-murɗe, ga waɗannan na yanzu da ko ɗumi ba sa yi, suna shan wuta kamar ba sa sha. Ku sa wa mutane su, kada ku bar kowa yana sayen zafin da bai nema ba. Amma kafin ku taka kujera ku tambayi mai wurin me hasken zai sauka a kai. Ku zo a lokacin da yake aikinsa, kayan sana'arsa na kan tebur, ku kunna a gabansa ku tsaya ku duba tare. Telan da ke haɗa launin zare, mai sayar da yadi, mai kifi, mai lalle, kowanne da abin da haske ke yi masa. Kontar wuta kawai take ƙirgawa.

Da na dawo daga Yagwa innata ta ce Baffa ya aiko sau da yawa yana tambayar ranar dawowata. Na je. Ya ce ya bar teburin, ɗansa da ke aiki a Figil ya ce ya huta haka, za a ba wani wurin, amma fitilar tana nan, in je in sauke aikina. Na ɗauki tsani na shiga rumfar da rana, cikin mutane, don ba ni da fuskar da zan ce a buɗe mini da asuba. Na bi jerin teburan har ƙurya. Teburin a wanke, babu komai a kai. Na kwance ragar, na zare kwalbar, na cire katakon. Kowa ya ci gaba da yankan namansa, har Isiyaku. Na fito da ita a kafaɗa.

Baffa yana jirana a waje, cikin farar riga, ba irin ta aiki ba. Na ce zan mayar masa da kuɗin kayan, in tafi da ita. Ya ce a'a, in kai masa gida in sa a zaure, idonsa ya fara rauni, jan ƙwan da ke can ba ya isarsa karatu. Na bi shi a baya har gida, na kafa ta a zauren, na kunna.

Bayan wata biyu na je gaishe shi da la'asar. Na same shi zaune a kan buzu a ƙarƙashinta, Alƙur'ani buɗe a gabansa, hannuwansa sun yi laushi, babu ko yanka ɗaya a yatsunsa. Ya sa aka kawo mini shayi. Muka gaisa, ya tambayi innata, ya tambayi aiki. Can ya ɗaga kai ya dubi fitilar ya ce, "Takardar wuta ta zo shekaranjiya. Gaskiyarka, ɗan Umaru. Ba ta cin wuta."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Ya koma kan karatunsa. Na zauna riƙe da kofin har shayin ya huce.